Neman kalma: in ba "kuskure" ba ne, me za mu kira shi?

Assalamu alaikum, malaman lissafi da malaman Hausa. Ina da buƙata, kuma kwana uku ke nan ta hana ni sakat.

Ranar Asabar ina ajin ƙarshen mako da muke yi a Tudun Wada. Yara ne 'yan shekarar farko a manyan makarantu, darasin yiwuwa ya sha musu kai. Da Turanci ake koya musu, ni kuwa in na ga sun yi zuru sai in juya harshe zuwa Hausa. Muka iso kan abin da littafinsu ke kira approximation da error bound. Na ce musu, "ƙiyasi da iyakar kuskure." Wata yarinya a layin baya, wadda ba ta cika magana ba, ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, tunda mun san kuskure ne, me zai hana mu gyara shi kawai?"

Na tsaya da alli a hannu. Yarinyar ta ji Hausa daidai yadda Hausa take. A wurinmu kuskure abu ne da mutum ya aikata bisa rashin sani ko sakaci, ana ba da haƙuri a kansa, ana gyarawa. Abin da nake so in nuna musu kuwa babu wanda ya yi laifi a cikinsa.

Bari in shimfiɗa maganar, don wanda zai ba da kalma ya san abin da zai raɗa wa suna.

Ka jefa kwabo sau 100. Mene ne yiwuwar ya faɗi a fuska sau 50 cif? Akwai amsa ta haƙiƙa, amma kafin ka same ta sai ka raba lamba mai gurbi 30 da wata mai gurbi 31. Amsar 0.0796 ce. A 1733, wani Bafaranshe da ya yi hijira zuwa Landan yana ci da koyar da lissafi, Abraham de Moivre, ya gano cewa in jifa ta yi yawa, ana iya ajiye wannan jibgegen aikin a ɗauki wata lanƙwasa mai siffar tsibin hatsi, tudu a tsakiya, gangara dama da hagu. Da ita, layi biyu a allo sun ishe ka, ka sami 0.0798. Ka ga tsakanin 0.0796 da 0.0798 akwai 0.0002. Wannan ɗan abin shi Turanci ke kira da kalmar da muka saba fassarawa "kuskure". Da saninmu muka karɓe shi, shi ne kuɗin da muka biya muka sayi sauƙi.

Abu uku ke nan nake nema wa suna: aikin musanya lissafi mai wuya da mai sauƙi da ke kusa da shi, ɗan bambancin da ke tsakanin amsoshin biyu, da kuma alƙawarin da ake kafa hujjarsa cewa bambancin ba zai taɓa wuce kaza ba. Na ukun shi ne ƙashin bayan ilimin. In babu shi, komai ya koma zancen baki kawai.

Ƙari, bayan la'asar.

Na gode da amsoshin da suka shigo. Zan fara da ta wani dattijo daga Unguwar Rimi wanda ya ce ya yi shekaru yana fassara labarai. Ya rubuto cewa kada in wahalar da kaina, "ƙiyasi" ta wadatar, kowa ya san ta.

Baba, Allah ya ƙara girma, gaskiya ne kowa ya san ta, kuma ni ma ita bakina ya fara kamawa. Amma ina roƙon a bar min ita don wani aiki da ya fi dacewa da ita. Jiya na tsaya wurin mai wake a Kasuwar Bacci. Wani ɗan sari ya zo, ya zura hannu cikin buhu har gwiwar hannu, ya damƙo, ya baza a tafinsa, ya riƙa ture ƙwayoyin da babban yatsa yana ware waɗanda ƙwari suka huda. Ya sake zurawa ta wani gefen. Sannan ya ɗago ya faɗi abin da zai biya. Bai san abin da ke cikin buhun ba, daga damƙa biyu ya yanke hukunci a kan dubban ƙwayoyi. Wannan shi ne ƙiyasi, kuma a ilimin ƙididdiga babi ne guda mai zaman kansa, da sunansa daban a Turanci. A maganar kwabo kuwa babu abin da ya ɓoye mana. Mun san yiwuwar rabi da rabi ce. Lissafin ne ya yi nauyi muka nemi mai sauƙi. In muka kira su duka ƙiyasi, ranar da yaro zai haɗu da su a jumla ɗaya, kuma zai haɗu da su, harshe zai sarƙe masa.

"Kirdado" da "kintace" da wasu suka kawo, sun fi karkata ga abin da mutum ya faɗa da ka, ba tare da awo ba. "Hasashe" kuma ta riga ta zama ta masu duba yanayi da masu sharhin zaɓe, tana kallon gobe.

Wani malamin Islamiyya daga Rigasa ya tuna min cewa Larabawa taƙrib suke cewa, kuma malamanmu kan ce "taƙriban" in suna nufin kimanin. Ya ƙara da cewa ƙiyasi a fiƙihu auna sabuwar mas'ala ce da wadda hukuncinta ya tabbata, don haka kalmar tana ɗauke da kaya da yawa tun kafin mu ɗora mata namu. Allah ya gafarta Malam, wannan ta buɗe min ido. Tushen taƙrib kusa ne, kuma muna da kusa a gida. Don haka na karkata ga "kusanto". Tana lanƙwasuwa yadda ake so: mun kusanto amsar, wannan amsa ce makusanciya, kusanton de Moivre, kusanton Poisson (wani masanin lissafi da zan zo kansa a gaba). Yaron da bai taɓa shiga Islamiyya ba zai gane ta, mai tallan rake ma zai gane ta.

Yanzu ga ta biyu, wadda ta tada zancen.

Wata malama da ke koyar da lissafi a sakandare a Kawo ta rubuto kalma ɗaya tak: "rata." Malama, kin biya ni. Na yi ta juya "giɓi" da "tazara" da "saɓani" a baki. Giɓi na nuna wani abu ya fita, kamar haƙori. Saɓani na da ƙamshin rigima. Tazara tana da kyau, sai dai za mu buƙace ta nan gaba don faɗin wuri tsakanin lambobi biyu a kan layi, gara a adana ta. Rata kuwa ba ta zargin kowa. Mai keke ya ba na bayansa rata, ba wanda ya yi laifi. Ana iya rage ta, ana iya aunata, ana iya cewa ta yi yawa. Da na ce wa yarinyar nan "akwai rata tsakanin amsar haƙiƙa da makusanciyarta," da tambayar da za ta yi ita ce "rata nawa?" Wannan kuwa ita ce ainihin tambayar da manyan masana suka shafe fiye da shekara 200 suna bi.

A ta uku ne muka rabu da Malama, kuma a nan nake so in daɗe.

Ta ce a kira shi "maƙurar rata". Wasu sun ce "iyakar rata". Iyaka na ajiye ta gefe tun farko, domin akwai wani babban abu a lissafi, wurin da jerin lambobi ke dosa ba tare da tsayawa ba, wanda ba shi da sunan da ya fi iyaka. Maƙura kuwa ta ja ni sosai, har na rubuta ta a takarda. Abin da ya hana ni shi ne, maƙura na nufin nan ne ƙarshen, ratar tana kaiwa can. Alƙawarin da muke magana a kai bai ce tana kaiwa ba. Cewa ya yi ba ta wucewa.

Mu koma ga wake. A ce kowace ƙwaya tana da yiwuwar 0.002 ta zama hudajjiya, kuma hudar wata ba ta shafi wata ba. Ka ɗebi 1,000. Mene ne yiwuwar ka tarar babu ko ɗaya mai huda? Amsar haƙiƙa 0.1351. Akwai hanyar sauƙi ta abubuwan da ba su cika aukuwa ba, wadda ke ɗauke da sunan Siméon Poisson tun littafinsa na 1837, ita kuma ta ba da 0.1353. Ratar ba ta kai 0.0003 ba. A 1960 Lucien Le Cam ya kafa hujjar da, in ka ɗora ta a kan waken nan, take cewa duk tambayar da za ka yi game da adadin masu huda, ratar ba za ta wuce 0.004 ba. Dubi 0.004, dubi 0.0003. Alƙawarin gaskiya ne, amma ya bar fili fiye da ninki goma. Ta yaya zan kira 0.004 maƙura alhali ratar, kamar akuyar da aka killace, ba ta ko kusanci wurin ba?

Akuyar ce ta ba ni kalmar. "Shinge." Wanda ya yi shinge bai ce dabbarsa tana jingine da shi ba. Abin da ya sani shi ne tana ciki. Kuma shinge ana iya tuge shi a matso da shi ciki, wanda shi ne tarihin wannan fanni gaba ɗaya. Jacob Bernoulli na birnin Basel, a littafinsa da aka buga a 1713 bayan rasuwarsa, ya ɗauki tulu mai fararen tsakuwoyi 3,000 da baƙaƙe 2,000. Ya tambaya: sau nawa za a zaro a mayar kafin a sami tabbacin 1,000 a kan 1 cewa rabon farare da aka gani bai kauce wa 3 cikin 5 da fiye da 1 cikin 50 ba? Lissafinsa ya ba shi 25,550. Bai yi kuskure ba, shingensa ne ya yi faɗi. Da hujjar da Wassily Hoeffding ya kawo a 1963, tambaya iri ɗaya, kimanin 9,500 sun isa. Tulun bai canja ba, tsakuwa ba ta ƙaru ba, an dai matso da shinge.

Kuma maƙurar Malama ba ta faɗi ƙasa ba, wurinta na nan. Andrew Berry a 1941 da Carl-Gustav Esseen a 1942, kowa aikinsa daban, sun yi wa kusanton tsibin hatsi shinge. Shingen yana tsukewa yadda gwaji ke ƙaruwa, amma sannu a hankali: in kana so ka rage shi da rabi, sai ka ninka gwaji sau huɗu. A cikinsa akwai wata lamba tsayayya da aka yi ta ragewa shekara da shekaru. Esseen ya nuna a 1956 cewa ba za ta taɓa sauka ƙasa da 0.4097 ba. A 2011 Irina Shevtsova ta Rasha ta sauko da ita zuwa 0.4748. Wurin da ba za a iya matso da shinge ya wuce shi ba, shi ne maƙura. Da kalmomin biyu a hannu, sai mu iya cewa da Hausa tsantsa: a 2011 an matso da shingen har 0.4748, maƙurarsa kuwa tana tsakanin nan da 0.4097.

Gwada shi da kwabonmu. Yiwuwar fuska ba ta wuce sau 50 cikin 100 ba, a haƙiƙa 0.5398 ce. Lanƙwasar, in ba a yi mata wani gyara ba, 0.5 za ta ce. Rata 0.0398. Shingen Berry da Esseen a nan 0.0475. Wannan karon akuyar ta kusa taɓa kara. Matsattsen shinge ke nan. Na Le Cam a kan wake kuwa shinge mai faɗi. Ga sifofi biyu sun zo mana kyauta, ba mu ƙago ko ɗaya ba.

Wani ɗan kasuwa ya rubuto yana cewa misalin wakena bai san buhu ba, domin ƙwari ba sa huda ƙwaya ɗaya nan ɗaya can, in sun kama lungu sai su cinye shi. Yaya, ka faɗi gaskiya, shi ya sa mutumin Kasuwar Bacci ya zura hannu ta gefe biyu. Sharaɗin cewa wata ba ta shafi wata ba shi ne wurin da lissafin allo ke rabuwa da kasuwa, kuma masana sun ga wannan. Charles Stein ya fito da wata hanya a 1972, ɗalibinsa Louis Chen ya ɗora ta a kan kusanton Poisson a 1975, hanyar da ke iya kafa shinge ko da abubuwan suna jan juna. Irin gyaran da ka yi min shi ne dalilin da ya sa nake so maganar nan ta shigo Hausa. Da Turanci na yi ta, da ba ka tanka ba, da na koma aji da misalin da mai wake zai ƙaryata.

Malama ta sake rubutowa tana tsoron kada "shinge" ta yi ƙauyanci a littafin makaranta. Malama, ban ga haka ba. Yaran Tudun Wada da na Kawo ba su rasa ganin shinge ba, ko na kara ko na waya, kuma kalmar da yaro ke gani da idonsa ita ke zama a kansa ranar jarrabawa. In Baba na Unguwar Rimi ya karanta jumlar nan da muryar labarai ya ji ta yi masa gargada a harshe, ya faɗa min kafin Asabar, domin ita zan rubuta a saman allo:

"Mun kusanto amsar da hanyar Poisson. Akwai rata, amma tana cikin shinge: ba za ta wuce 0.004 ba."