Tambaya kan Thomas Kane, aminin shugaban 'yan Mormon

Ɗan Maiwurno, Jidda:
Assalamu alaikum. Gadin sito nake yi da dare, karatu a waya ke raba ni da gyangyaɗi. A haka na ci karo da tarihin 'yan Mormon, wata ƙungiyar addini ta Amurka, waɗanda aka tasa daga garinsu Nauvoo a 1846 suka nausa yamma da kekunan shanu. Labarin ya taɓa ni, don mu ma jikokin masu hijira ne, kakanninmu sun baro ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi a 1903. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne wani lauya ɗan Filadelfiya, Thomas Kane. Shekara 31 yana musayar wasiƙu da shugabansu Brigham Young, shi ne mai ba shi shawara kan gwamnati, amma har ya mutu bai shiga addininsu ba. Me ya ƙulla wannan amana?

Malamin Tarihi, Madina:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, jinya ce ta fara ƙulla ta. Kane yana ɗan shekara 24 ya je sansaninsu a bakin kogin Missouri a 1846. Kafin nan ya taimaka musu wajen Shugaba Polk, har aka ɗauki kimanin mutum 500 daga cikinsu aikin soja, kuɗin ya tallafa wa tafiyar. A sansanin zazzaɓi ya kwantar da shi. Mutanen da su kansu suke binne 'ya'yansu, su suka yi jinyarsa har ya miƙe. Bai manta ba. Mahaifinsa alƙali ne mai faɗa-a-ji, don haka ƙofofin manya a buɗe suke gare shi. A 1850 shi ya tsaya wa Young gaban Shugaba Fillmore har aka naɗa Young gwamnan yankin Utah, inda 'yan Mormon suka je suka zauna.

Hajiyar Makka:
Malam, a faɗi ɗaya ɓangaren ma. Sun ɓoye masa cewa suna auren mata da yawa. Yana ta ƙaryata zancen a gaban manyan ƙasa, yana jingina da mutuncinsa, sai a ƙarshen 1851 ɗaya daga cikin manyansu ya gaya masa gaskiya. Ni wannan cin amana nake kiransa. Ka bar mutum yana rantsuwa a kanka alhali ka san ba haka ba ne?

Ɗan Maiwurno, Jidda:
Hajiya, wallahi nan ne ya fi tsaya mini a rai. Na yi shekaru ina zama da iƙama, wato takardar izinin zama, a ƙasar nan, na san darajar ɗan gari da zai shiga ofis ya ce wannan mutumina ne. In ka sa shi ya ji kunya sau ɗaya, da wuya ya sake. Kane kuwa ya ji zafin abin ƙwarai, amma bai juya musu baya ba. Da Shugaba Buchanan ya tura soja kusan 2,500 kan 'yan Mormon a Utah a 1857, Kane ne ya hau jirgin ruwa ta Panama da Kalifoniya da sunan aro, Dakta Osborne, ga shi ba cikakkiyar lafiya ba. Ya isa Salt Lake, babban garin 'yan Mormon, a Fabrairun 1858, ya ratsa ƙanƙara zuwa sansanin soja, ya lallashi sabon gwamna Alfred Cumming ya shiga gari ba tare da soja ba. Haka aka kauce wa yaƙi. Ni a ganina, rashin shigarsa addinin shi ne ƙarfinsa. Da ɗan cikinsu ne, wa zai saurare shi a Washinton?

Malamin Tarihi, Madina:
Haka ne. Mu ma a sira mun karanta cewa Abdullahi bin Uraiƙiɗ, jagoran hanyar hijira, ba Musulmi ba ne a lokacin, amma an amince masa. Ban ce lamarin ɗaya ba ne, batun amana kawai nake nufi. Daga baya Young ya riƙa neman shawarar Kane har kan wasiyyarsa. A hunturun 1872 Kane da matarsa Elizabeth suka bi shi zuwa St. George a kudancin Utah. Ita ba ta son auren mata da yawa ko kaɗan, amma ta shiga gidajen matan ta zauna da su. Young ya rasu a 1877, Kane a 1883. Har yau akwai gunduma a Utah mai sunansa.

Hajiyar Makka:
To na ji. Amma ni dai har yanzu bashin neman gafara yana kansu.