Neman shawara: wace fatar hawa zan saya wa sikina?

Ɗan Maradi (Grenoble):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga wannan harka. Shekarata ta biyu ke nan ina karatu a Grenoble, garin da duwatsu suka kewaye ta kowace fuska: Belledonne, Chartreuse da Vercors. Bara na koyi zamiya a kan dusar ƙanƙara a Chamrousse, inda inji ke ɗaukar mutum ya kai shi sama. Bana abokan karatu suka ja ni zuwa ɗaya nau'in, wanda mutum ke hawa dutsen da ƙafarsa, siki (dogon allon zamiyar) na ɗaure a takalminsa, an manna wata fata mai gashi a ƙasan sikin don kada ya zame baya. In ya kai sama sai ya ɓare fatar, ya cusa a jaka, ya gangaro.

Na sayi siki na hannu a kasuwar da ake yi kafin shigowar hunturu, tsawonsa santimita 170, an rubuta 122-88-108 a jikinsa, amma bai zo da fata ba. Ranar Asabar muka nufi dutsen Chamechaude daga mashigin Col de Porte da fatar aro. Cikin kurmi lafiya lau. Da muka fito fili inda iska ta daskarar da dusar, sai na riƙa zamewa baya, taku biyu gaba ɗaya baya, har cinyoyina suka riƙa rawa. Daga baya ma fatar ƙafar hagu ta ɓalle daga baya, ta ƙi mannuwa sam. Dole wani abokina ya fasa hawa ya rako ni ƙasa, abin da har yanzu yake damuna.

A kanti na ga iri uku: ta gashin akuya zalla, ta nailan, da gauraye. Akwai mai gam, akwai marar gam. Kuɗin da na ware Yuro 150 ne. Wacce zan ɗauka? Kuma ta hannu za ta yi?

Baban Walid (Innsbruck):
Wa alaikumus salam ƙanena. Ɗauki gauraye, wadda ake rubuta wa kashi 65 ko 70 gashin akuya, sauran nailan. Kamfanonin Pomoca da Colltex na Siwizalan, Contour da Kohla na nan Ostiriya, duk suna yin irinta, ka duba wadda kuɗinka ya kai.

Kai ɗan Maradi ne, garin jar akuya, don haka bayanin ba zai yi maka wuya ba. Shafa bayan akuya daga wuya zuwa wutsiya, hannunka zai wuce sumul. Juyo da hannun, gashin zai miƙe ya tokare ka. Aikin fatar ke nan gaba ɗaya: gaba ta sulale, baya ta cije. Gashin akuyar Angora, wanda da shi ake yin fatar, siriri ne mai santsi, shi ya sa ya fi sulɓi kuma ya fi rashin nauyi, masu tsere da masu doguwar tafiya shi suke so, sai dai yana saurin cinyewa. Nailan ya fi cizo da ƙarko, amma kowane taku sai ka ja shi, kuma daga Col de Porte mai mita 1,326 zuwa ƙololuwar Chamechaude mai mita 2,082 takun ba kaɗan ba ne.

Amma ni a ganina ba irin gashin ne ya kayar da kai ba, faɗin fatar ne. Ina kyautata zaton wadda aka ara maka an yanka ta ne don siki mafi siranta. A kan dusa mai taushi ba za ka lura ba, domin sikin na nutsewa. A kan mai tauri kuwa, musamman in kana ratsa gangare a karkace, gefen sikin ne kawai ke taɓa ƙasa, in babu gashi a wurin to santsin sikin ne ka taka. Lambobin nan uku na jikin sikinka faɗin kai ne da tsakiya da wutsiya a milimita. Sayi fata mai faɗin 120, ka yanka ta bi siffar sikinka, ta rufe ƙasan duka, ka bar bakin ƙarfen nan na gefe kawai a buɗe, kamar milimita 2 kowane ɓangare. Ƙarƙashin ƙafa da bayanta ne wurin da ya fi muhimmanci. In ta ɗan gaza a can kan sikin ba komai. Yawanci ana haɗo ta da 'yar wuƙar yanka. Yi a kan tebur, a nutse, ka ja wuƙar a hankali daga kai zuwa wutsiya. In hannunka na shakka, mai kantin zai yanka maka. Abin da aka yanke ba ya dawowa.

Malam Na-Zinder:
Ku yi haƙuri da katsalandan, ni ban taɓa ganin dusar ƙanƙara ba. Fatar wace dabba ce wannan? Mutum zai sa ta a jaka ɗaya da sallayarsa, ya kamata a sani.

Baban Walid (Innsbruck):
Tambaya mai kyau, Malam. Suna ne kawai ya rage. A da can fatar wata dabbar teku mai gajeren gashi ake amfani da ita, har yau Faransawa da sunan dabbar suke kiran abin. Ta yanzu saƙa ce kamar darduma: gashin da aka aske daga akuya mai rai ko zaren nailan, an saƙa shi a kan ƙyalle, an shafa gam a baya. Babu fata ko kaɗan. Asalin akuyar daga yankin Ankara na Turkiyya ne, amma yau Afirka ta Kudu ce ta fi kowa samar da gashin.

Maman Ilham (Tromsø):
Ƙanena sannu da wahala. Yaya Baban Walid ya gama maganar gashi da faɗi, ni ta gam zan yi, don shi ne ya taɓa sa ni kuka a kan dutse. A nan daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu rana ba ta fitowa, da fitilar goshi muke hawa, kuma a irin wannan sanyi gam yakan mutu. Wata rana na ɓare fata, na bar ta ta faɗi cikin dusa, na jefa a jaka. Da muka zo hawa na biyu sai na ga bayanta ya yi fari fat da ƙananan ƙwayoyin ƙanƙara, ko kusa ba ta kama. Wata dattijuwa a cikin ayarinmu ta karɓa, ta kankare dusar a bakin ƙarfen sikinta, ta naɗe, ta zuge rigata ta tura min a ƙirji. Bayan ɗan lokaci ɗumin jiki ya farfaɗo da gam ɗin. Tun daga ranar, in za a sake hawa, cikin riga nake sa fata, ba jaka ba.

Kafin ka manna, goge ƙasan sikin da safar hannu ya bushe. Ka tabbata wadda za ka saya tana da maƙalli a wutsiya, ba na kai kaɗai ba, domin taka daga baya ta ɓalle. In ka dawo gida ka shanya ta a ɗaki, nesa da hita, zafi yana lalata gam har ya riƙa zama a jikin siki. Kada ta taɓa kafet ko ganyen itace. Ka kuma sayi ɗan kakin da ake gogawa a gashin: wajen Maris, in ka fito daga dusa mai laima ka shiga busasshiya a inuwa, sai ta dunƙule a ƙasan fatar kamar taɓo a takalmi lokacin damina.

Marar gam tana da daɗin ɓarewa kuma ana iya wanke ta, amma tana son ƙasan siki a bushe ƙarau kafin ta kama. Sabon shiga ya fara da mai gam. Ta hannu kuwa ban goyi baya ba: an riga an yanka ta don sikin wani, kuma ba ka san shekarun gam ɗin ba.

Injiniya (Calgary):
Ni na ɗan saɓa da Yaya. Mai koyo zamewa ce ke karya masa gwiwa, ba nauyin ja ba. Da nailan zalla na fara, ta fi araha, na taka duwatsu da saiwoyi da ita shekaru ba ta nuna ba. In kana da jiki, ko aljihu ya matse, babu laifi a cikinta.

Kuma gyara tafiyarka. Mai jin tsoro yakan sunkuya gaba ya dogara da sanduna, nan take nauyi ya bar diddige, gashin ya saki. Miƙe tsaye, ɗaga kai, danna diddige, ja sikin a ƙasa kada ka ɗaga shi. In dusa ta zama ƙanƙara sosai babu fatar da za ta riƙe ka. Akwai wasu haƙoran ƙarfe da ake maƙalawa ƙarƙashin takalmi, a Faransa wuƙaƙe suke ce musu. Tambayi waɗanda suka dace da maɗaurin sikinka.

Maman Ilham (Tromsø):
Na manta abu ɗaya, kuma ya fi duk abin da muka faɗa. Kana da na'urar DVA (ta gano wanda dusa ta binne) da shebur da sandar caka dusa? In ka fita daga filin wasa babu mai tsare maka zaftarewar dusa. Météo-France, hukumar hasashen yanayi ta Faransa, na fitar da sanarwar haɗarin kullum a lokacin hunturu, mataki 1 zuwa 5, ka karanta ta daren tafiya. ANENA, ƙungiyar da ke nazarin dusa da zaftarewarta, a Grenoble ɗinku take, kuma ana koyar da neman wanda dusa ta binne. Don Allah ka je.

Ɗan Maradi (Grenoble):
Allah Ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Yaya, ka canka daidai: na auna fatar aron kafin in mayar, a tsakiya milimita 74 ce, wato kusan 7 a buɗe kowane gefe. Na ɗauki gauraye mai faɗin 120, mai gam da maƙallin wutsiya, mai kantin ya yanka ta farko ina kallo, na yanka ta biyu da hannuna. Anti, DVA da shebur aro nake yi a ƙungiyarmu, kuma na rubuta sunana a horon wata mai zuwa. Injiniya, wuƙaƙen sai kuɗin karatu sun shigo. Saura tambaya ɗaya: ragar roba da na tarar a cikin kwalin, kullum ake sa ta tsakanin gam da gam, ko sai za a ajiye fatar bayan hunturu?