Kifin bass ya daina kama ƙugiya a ƙaramin tafkin unguwa: me ya kamata a fara sauyawa?

Sabon Masunci ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu kamun kifi da fatsa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni gogewa a kan kifin bass, irin nan mai faɗin baki wanda asalinsa na ruwayen Arewacin Amurka ne. A rukunin gidajen da nake zaune akwai wani ƙaramin tafki da aka haƙa domin tara ruwan sama, girmansa bai kai filin ƙwallo ba, kuma ana aske ciyawar bakinsa a kai a kai, ta yadda babu inuwa sai ta wasu 'yan bishiyoyi a ɓangaren yamma. Akwai kwalbati da ke shigo da ruwa daga titi, akwai kuma injin da ke fesa ruwa sama a tsakiya, wanda ake kunnawa da rana a kashe da dare.

Lokacin da sanyi ya fara ja da baya, kusan duk abin da na jefa sai kifi ya kai masa cafka, amma tun da zafi ya kankama al'amarin ya juye. Ina ganin kifayen da idona, wani lokaci ma sukan biyo abin yaudarar, wato abincin ƙarya mai ƙugiya da nake jefawa, har kusa da ƙafata, su tsaya su dube shi, sannan su juya abinsu. Na fi amfani da abin yaudara mai ƙarfen nan da ke juyawa yana walƙiya, da kuma ƙaramin kifin roba mai ƙararrawa a ciki, kuma nakan je ne bayan tashi daga aiki, tsakanin ƙarfe huɗu da biyar na yamma. Shin ƙoshi suka yi, ko sun gane ƙugiya ne, ko kuwa zafin ne ya hana su ci? Kuma a cikin lokaci da wuri da kayan aiki, wanne ya kamata in fara sauyawa?

Tsohon Hannu ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Abu na farko da ya kamata ka riƙe shi ne cewa a tafki irin wannan kifi ba shi da wurin gudu, saboda haka duk kifin da ka kama ka mayar a farkon shekara yana nan a cikin ruwan, halinsa ne kawai ya canza. Sauƙin da ka samu a wancan lokaci yana da dalili. Idan ɗumin ruwa ya kai wajen digiri 15 zuwa 18 a ma'aunin Selshiyas, bass yakan matso gaɓa domin haihuwa, namiji ya share gurbi a wuri marar zurfi ya zauna yana gadin ƙwai da 'ya'ya, kuma a wannan hali yakan kai wa kusan komai hari ko da ba yunwa yake ji ba. Wannan lokaci ya wuce, kuma yanzu ruwan cike yake da ƙananan kifayen da aka ƙyanƙyashe bana, ga kwaɗi ga ƙwari, don haka batun ƙoshi da ka kawo akwai ƙamshin gaskiya a ciki.

Sai dai ni na fi zargin abin da kake jefawa da kuma yadda kake tsayawa. Kifin da ya biyo abin yaudara ya tsaya ya dube shi ya juya, kifi ne da ya taɓa jin zafin ƙugiya. A ƙaramin tafkin unguwa kowa ɗan kayan nan masu walƙiya da ƙara yake jefawa, domin su ne suka fi sauƙin amfani, kuma kifayen da ake kamawa ana mayarwa sun sha ganinsu. Ka ajiye su tukuna. Ka nemi tanar roba mai tsawon santimita 10 zuwa 13, mai launin da ya yi kama da na ƙasan ruwa, wato kore mai duhu ko ruwan ƙasa, ka ɗaura ta a siririn zare wanda ƙarfinsa bai wuce kilo 3 zuwa 4 ba, kuma idan ruwan garau yake, zaren fulorokabon, wato wani irin zaren roba mai kama da gilas, ya fi, domin bai cika fitowa fili a cikin ruwa ba. Ka soke ta da ɗaurin da ake kira na Texas, inda ake mayar da tsinin ƙugiya cikin jikin robar don kada ya riƙa kama ciyawa, sannan ko dai ka bar ta ba dalma, wato ɗan nauyin da ake sa wa zare don ya nutse, ko ka sa 'yar ƙarama wadda ba ta wuce giram 2 ba.

Muhimmin abin shi ne jinkiri. Idan ka jefa, kada ka fara naɗe zare. Ka bar tanar ta nutse da kanta har ta taɓa ƙasa, ka ƙirga zuwa goma ko ashirin, ka ɗaga kan sandar kaɗan yadda za ta yi tsalle kamar taki ɗaya, sannan ka sake barinta. Galibin cafka tana zuwa ne yayin da take nutsewa ko tana kwance, kuma sau da yawa ba za ka ji komai a hannunka ba. Abin da za ka gani shi ne zaren ya ɗan zabura a inda ya shiga ruwa, ko ya fara tafiya gefe a hankali alhali babu iska. Saboda haka idonka ya kasance a kan zare.

Game da tsayuwa kuma, idan kana ganin kifi to shi ma yana ganinka, musamman a gaɓar da aka aske babu abin da zai ɓoye ka. Bayan gani, bass yana jin motsi ta wani layin jijiyoyi da ke kwance a gefen jikinsa daga kai zuwa wutsiya, kuma takun ƙafa mai nauyi a kan gaɓa yana isa cikin ruwa. Ka tsaya nesa da bakin ruwa kamar taku huɗu ko biyar a jifan farko, kada inuwarka ta faɗa kan ruwa, kuma ka riƙa jifa a tsawon gaɓa maimakon tsakiya, domin a nan abincinsa yake. Lokaci kuwa, ni asuba nake zaɓa, kafin rana ta fito.

Mai Nazarin Ruwa ya amsa:

Abin da Malam Tsohon Hannu ya faɗa game da jinkiri da ɓuya daidai ne, har ma akwai binciken da ya goyi bayan cewa ba duk bass ne ke da sauƙin kamuwa ba. Masana a jihar Illinois ta Amurka sun shafe shekaru suna ware kifayen da ake yawan kamawa daga waɗanda suke ƙin ƙugiya, suna barin kowane rukuni ya hayayyafa daban, kuma sakamakon da aka buga a 2009 ya nuna cewa wannan hali ana gadonsa. Ke nan a tafkin da mutane ke kwashe abin da suka kama, masu taka-tsantsan ne suke saura.

Amma da izininsa, ina da ja a kan batun asuba, domin a tafki irin wanda aka kwatanta ba kullum take zama mafi kyau ba. Dalilin shi ne iskar oksijin da ke narke a ruwa. Ruwa mai ɗumin digiri 10 yana iya riƙe kusan miligiram 11 a kowace lita, a digiri 20 ya sauko wajen 9, a digiri 30 kuma bai kai 8 ba, alhali a lokacin ne jikin kifi ya fi buƙatarta, tunda zafin jikinsa na ruwan da yake ciki ne. Da rana gansakuka da ciyayin ruwa suna samar da oksijin, amma da dare su ma shaƙarta suke yi, tare da kifaye da ruɓaɓɓen ganyen da ke ƙasa, saboda haka ana samun mafi ƙarancinta ne daidai wayewar gari. Tafkunan unguwa kuwa sukan cika da gansakuka, domin ruwan sama yana wanko musu takin zamanin da ake zuba wa ciyawar gidaje. Ga shi kuma ka ce ana kashe injin feshin da dare, wato a lokacin da aka fi buƙatarsa. Idan oksijin ya sauko ƙasa da miligiram 3 a lita, kifi ta numfashi yake yi ba ta abinci ba. Ka leƙa tafkin da sassafe ko da ba da fatsa ba: idan ka ga ƙananan kifaye sun taru a sama suna buɗe baki kamar masu haɗiyar iska, to ka manta da asuba a wannan ruwa har sai zafi ya sassauta.

Lokacin da kake zuwa ma yana da nasa aibin, domin tsakanin ƙarfe huɗu da biyar ne ruwa marar zurfi yake kaiwa ƙololuwar zafinsa, ga kuma haske mai ƙarfi wanda ke hana bass yin kwanton ɓauna. Idan ka jinkirta zuwa sa'ar ƙarshe kafin faɗuwar rana, har zuwa bayan duhu ya fara, za ka haɗa abubuwa biyu: oksijin da aka tara da rana bai ƙare ba, haske kuma ya ragu.

Akwai kuma wata shawara da ake yawan bayarwa wadda ta fi dacewa da manyan tafkuna, wato a nemi kifi a wuri mafi zurfi idan an yi zafi. A ƙaramin tafkin da iska ba ta kaɗa shi sosai, ruwa yakan rabu hawa biyu a lokacin zafi, mai ɗumi a sama, mai sanyi a ƙasa, kuma ba sa gaurayuwa. Na ƙasan yakan rasa oksijin kusan gaba ɗaya, kuma injin da ke fesa ruwa sama saman ruwa kawai yake motsawa, ba kamar wanda ke hura kumfa daga ƙasa ba. Idan ka jawo tanarka daga tsakiya ka ga baƙin taɓo mai wari ya manne mata, to babu kifi a wurin.

Sabon Masunci ya sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri, Malamai. Idan tsakiya ba ta da amfani, gaɓa kuma a aske take, to a ina takamaimai kifayen suke fakewa? A idona tafkin duk ɗaya ne daga wannan gefe zuwa wancan.

Ma'abociyar Fatsa ta amsa:

Malam, a tafkin da babu maɓoya da yawa, 'yar kaɗan ɗin da ke akwai ita ce ke tara kifi, kuma ka riga ka ambaci guda uku a tambayarka. Bakin kwalbatin ya fi kowanne. Cikin bututun akwai inuwa duk yini, ruwan da ke zubowa yakan haƙa ɗan rami a gabansa, kuma idan aka yi ruwan sama yakan shigo da ruwa mai sanyi ɗauke da tana da ƙwari, sai ƙananan kifaye su taru, bass kuma ya tsaya a gefen igiyar ruwan, daidai inda gurɓataccen ruwa ya haɗu da garau, yana jira. Ranar da ka ga kwalbatin nan yana zuba, ka bar duk abin da za ka iya bari ka je, muddin tsawa ta wuce, domin sandar fatsa ba abin ɗagawa ba ce a ƙarƙashin walƙiya.

Sai inuwar bishiyoyin yamma, wadda da la'asar take miƙewa kan ruwa, da kuma kewayen injin feshi, inda ruwa ke faɗowa. Bayan waɗannan ka nemi ƙananan abubuwa: duwatsun da aka jera don hana zaizaya, reshen da ya faɗa ruwa, gefen tabarmar gansakuka, ko wurin da ƙasa ta gangara farat ɗaya daga zurfin gwiwa zuwa zurfin ƙirji. Tabarau mai kashe ƙyallin ruwa zai nuna maka yawancinsu. A irin waɗannan wurare nakan soke tanar roba ta tsakiyarta, ba dalma, yadda kanta da wutsiyarta za su riƙa karkarwa yayin da take nutsewa, kuma jifan ya faɗa dab da maɓoyar, domin kifin da zafi ya kwantar ba zai yi tafiyar mita biyu don ya ci ba. Haka ma ranar da gari ya washe tas bayan hadari ya wuce, iska ta yi sanyi, sukan lafe a jikin maɓoya fiye da kullum. Idan duhu ya fara kuma, za ka iya gwada kwaɗon roba a saman gansakuka, amma kada ka fizga da zarar ka ga ruwa ya fashe. Ka jira sai ka ji nauyin kifin a sanda.

Ka kuma tambayi masu kula da rukunin gidajen ko sun zuba maganin kashe gansakuka kwanan nan, domin idan ta mutu ta fara ruɓewa takan janye oksijin, kifaye su yi kwanaki ba sa ci, kuma babu dabarar da za ta yi aiki sai haƙuri. A wannan tambayar ne za ka tabbatar ko an yarda da kamun kifi da dare, kuma ko dokar wurin tana buƙatar lasisi. Tunda ruwan titi ne ke shiga tafkin, gara ka riƙa mayar da abin da ka kama. A ruwa mai zafi kifi yana saurin galabaita, don haka ka jawo shi ba tare da jan lokaci ba, ka jiƙa hannunka kafin ka taɓa shi, ka riƙe leɓensa na ƙasa, idan babba ne ka tallafe cikinsa da ɗaya hannun, kuma ka danne ƙayar ƙugiyarka da filaya tun a gida domin cire ta ya yi sauri.