Anodizasiyo na magneziyom: wace kalma za mu sa masa da Hausa?

Malamin kimiyya, Birni: Salamu alaikum. Anodizasiyo aikin samar wa ƙarfe ɓawon kariya ne da wutar lantarki, magneziyom kuma wani ƙarfe ne mara nauyi. Ɗalibai na ce wa aikin "fentin lantarki", ni kuwa kalmar ba ta kwanta mini ba. Ai ba shafawa ake yi ba, fatar ƙarfen ce da kanta ke rikiɗa ta zama ɓawo mai tauri. Me kuka gani?

Injiniya, Zango: Malam, gaskiyarka. "Ruwan ƙarfe" ma bai dace ba, wannan na masu sa wa zobe ruwan zinari ne, kuma su a wayar rashi (mai alamar −) suke ɗaure kayan. Mu a wayar ƙari (mai alamar +) muke ɗaure magneziyom, farantin inoks (ƙarfen da ba ya tsatsa) a ta rashi. A fara wanke maiƙo tas, in ba haka ba ɓawon ya fito dabbare-dabbare. Sannan a tsoma cikin ruwa mai kaifin toka, misali giram 10 na sinadarin silikat da giram 2 na sinadarin potas a kowace lita, a saki wutar lantarki. Kada a kuskura a zuba ruwan batir irin na aikin alminiyom, cinye magneziyom yake yi yana kumfa.

Malamar fasaha: To ko "tsatsar kariya"? Tunda iskar oksijan ce ke haɗuwa da ƙarfen.

Injiniya: Hajiya, tsatsa a kunnen Bahaushe ɓarna ce. Kuma tsatsar da magneziyom ke yi da kansa ba ta kare shi: girmanta kusan kashi 81 cikin 100 ne na ƙarfen da ta ci, don haka take tsagewa, gishiri da laima su shige.

Malamin kimiyya: Ku dubi majema. Ba rufe fata suke yi ba, jiƙa ta suke yi a ruwan bagaruwa har ita kanta ta daina ruɓewa. Na kawo "jimar lantarki".

Malamar fasaha: Wannan ta zauna. Sai a raba iri biyu: mai tartsatsi da mara tartsatsi. In wuta ta kai bolt 200 zuwa 500, ƙananan tartsatsi na yawo a jikin ƙarfen cikin ruwa, su gasa ɓawon ya zama kamar tangaran, kaurinsa mikron 5 zuwa 50 (mikron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Wannan "jimar tartsatsi" ke nan.

Injiniya: Na yarda. A zafin Damagaram dai sai da na'urar sanyaya ruwan, in ya ɗumama sosai ɓawon kan ƙone ya yi gari. Ɓawon yana da ƙananan ramuka kuma, sai an toshe su ko an bi da fenti. Malam, rubuta: aikin jimar lantarki, abin da ya fito ɓawon jima.