Zarnin fitsari ya ƙi fita daga katifa

Salam 'yan uwa, don Allah a taimaka min. Yarona ɗan shekara 3 yana fitsarin kwance, katifarmu ta ɗau zarni, da an buɗe ƙofar ɗakin shi ke fara tarbar mutum. Na wanke wurin da omo na shanya, amma damina ce soson ba ya bushewa har ciki, yanzu ma funfuna ta fara fitowa baƙi-baƙi a gefe. Turaren wuta kuwa hayaƙin na wucewa zarnin ke dawowa. Kuɗin sabuwa babu shi wallahi. Me zan sa mai araha da zai cire zarnin daga cikin soson ba sai na sake jiƙa ta ba?