Kishi da auren bogi a shirin leƙen asiri

Jiya mun daɗe muna muhawara kan wani shirin leƙen asiri na talabijin, inda aka haɗa jami'i da abokiyar aikinsa auren bogi don su ɓadda kama, ita kuma zuciyarta na wajen wani.

Yawancinmu mun ce kishin ba shi ne laifin ba, laifin shi ne da ya juya kayan aiki kanta, ya saka na'urar sauraro a jakarta yana bin motarta cikin dare. Shawarar dai in zargi ya shige ka ka buɗe baki ka tambaya, don ranar da ta tsinci ƴar na'urar nan ko kallonsa ba ta ƙara yi ba, wallahi abin ya taɓa ni.

Wasu suka ce tun farko ba su dace ba, ya girme ta sosai kuma shi ke kai rahotonta wajen oga, to ina so zai zauna inda wuyan ɗaya ke hannun ɗaya? Wata ta ce kar ka so wanda ƙarya ce sana'arsa. Nan kam ban yarda ba, ita ma ai aikinta kenan, amma ba ta taɓa bincika aljihunsa ba.