Yadda za a adana tabar siga a ƙauye

Ɗan Ringim:
Assalamu alaikum. Yayana da ke aiki a ƙasar waje ya bar mini ajiyar akwatin tabar siga ta Kuba, irin manyan nan da ake naɗawa da ganye zalla, ya ce in riƙe masa sai baɗi. Tun da hunturu ya kama, ganyen da ke waje ya fara tsagewa, idan aka matsa sai ya yi ƙaras. Wuta ba ta zama a garinmu. Yaya zan yi da ita, kuma da gaske ne daɗewa yana gyara ta?

Baban Hajara:
Wa alaikumus salam. Malam, bushewa ce ta kama ta. Wannan taba tana son damshin iska na kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari da sanyi na digiri 18 zuwa 21, alhali a hunturunmu damshin kan sauka ƙasa da kashi 20. Masu hali suna ajiye ta a akwatin katakon sida (cedar), amma robar abinci sabuwa mai murfi da ke kamawa gam za ta wadatar, ka saka ƙunshin Boveda, wato ɗan fakitin da ke daidaita damshi, mai lamba 69 a ciki. Kada ka yayyafa mata ruwa, domin cikin zai kumbura ya fasa ganyen waje. A bar ta ta sha damshi a hankali na wasu makonni.

Mai Shago Ɗambatta:
Ni bazara nake jiye maka, ɗan'uwa. Akwai ɗan ƙwaro da ƙwansa kan zo a cikin ganyen, kuma da zarar zafi ya haura digiri 23 sai ya ƙyanƙyashe, ka ga huji kamar na allura da gari a gindin akwati. Ka ƙulle ta a leda biyu ka kai wa mai ƙanƙara ta kwana uku a firiza don ƙwan ya mutu, sannan a dawo da ita sannu a hankali. Bayan haka ka ajiye robar a ƙasa cikin ɗakin soro, kusa da randa, nesa da daddawa, turare da kalanzir, don ganyen yana ɗaukar wari.

Baban Hajara:
Game da daɗewa kuwa, gaskiya ne, amma da sharaɗi. Sabon naɗi yana da warin amoniya mai yaji a maƙogwaro, wanda kan fita cikin watanni, ganyayen su saje, kaifin ya ragu. Wadda ta bushe har maiƙonta ya tafi ba za ta koma yadda take ba ko da ta yi laushi, saboda haka ka sanar da yayanka tun yanzu. Illarta ga huhu da baki dai tana nan, komai shekarunta. Idan damina ta sauka, ka riƙa buɗe robar kana dubawa, duk wadda ta yi fumfuna ka ware ta.

Ɗan Ringim:
Na gode, Allah Ya saka da alheri. Ranar kasuwa zan nemo robar, Boveda kuma sai na aika Kano a bincika mini.